Gadon Innata da Gazunzumin Zaure

Da gado ɗaya na zo gidan aure a Malanville, kuma shi kaɗai ya rage mini daga hannun innata. Na maɗaci ne, ja, mai nauyin tsiya, wani masassaƙi a ƙauyenmu Madekali ya haɗa mata tun ban zo duniya ba. A kansa na yi barcin ƙuruciya ina maƙale da bayanta, a kansa ta yi jinyar da ba ta tashi ba. Da anka sa ranar bikina, baffannina sun so su sayo mini na ƙarfe irin na yayi, na ce su bar shi, wannan nake so. A amalanken jaki anka kawo shi, maza na nishi suna tsine wa nauyinsa kafin ya shiga ɗaki.

Gidan da na shigo gidan fatake ne. Surukina, wanda kowa ke ce wa Alhaji, dillalin albasa ne kuma mai masauki, kamar yadda ya tarar da ubansa yana yi. Duk wanda ya taso daga Gaya ko Kamba ko can cikin Nijar da kaya, in dai ya san gidan, zaure nasa ne. Ga tabarma, ga buta, ga tuwo safe da maraice, kuma ba mai tambayarsa ranar tafiya. Mu mata muna ciki muna tuƙi, mijina ke ɗaukar akushi ya kai. Shi ne ɗan fari, mutum mai sanyin hali, wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Don wannan hali na so shi, kuma da shi ya cuce ni.

Shekarar da anka rufe gadar iyaka da ke tsakaninmu da Gaya, manyan motoci sunka yi layi har ba a ganin ƙarshensu, zaurenmu ya cika maƙil. Direbobi, fatake, masu jiran jirgin ruwa su ƙetare, wanda ya zo da niyyar kwana biyu sai ya share wata. Ga damina ta kankama. Gulbi ya cika, iska ta tsaya cik, bango na gumi, zane in ka shanya sai ya yi wari bai bushe ba. Cikin wannan laima gazunzumi ya shigo mana, wanda mutanen gabas ke ce wa kuɗin cizo.

Yara sunka fara susa, sannan manya. Da safe kowa ya fito da ido ja, hannu duk rudu-rudu, a gaisa a ce kai, sauron bana ba dama. Sauro! Wane sauro ne ke bin ɗinkin matashi, in ka murtsuke shi ya bar maka wari a yatsa? Kowa ya san abin da ke cinsa, amma a gidan mutunci ba a kama sunan gazunzumi, sai ka ce zagi ne. Ɗiyata lokacin tana goye, bayanta duk ya yi tabo, in na yi mata wanka sai ta ƙanƙame ni tana kuka.

Ni na fara ganin inda abin ya fito. Wata rana ruwa ya zubo a zaure, anka shigo da tabarmi tsakar gida a shanya. Na ɗaga ɗaya don in juya ta, sai na ga bakin ɗinkin ya yi baƙi ƙirin. Na buɗe da farce. Ga su nan jingim, manya da ƙanana, ga ƙwai fari kamar an barbaɗa gari. Na duba ta biyu, na duba ta uku, duk haka. Da mijina ya shigo cin abinci na ja shi na nuna masa. Ya kalla, ya waiga ko wani na jin mu, ya ce in rufa musu asiri. Wai in anka taɓa tabarmin baƙi, kamar an ce musu su sunka kawo ƙazanta, kuma in labari ya fita tasha cewa zauren Alhaji na da gazunzumi, sunan gidan ya zube. Na ce to mu da ke ciki fa, mu ba fata gare mu ba? Ya ce in yi haƙuri, gada za ta buɗe, baƙi za su ragu. Kafin la'asar an naɗe tabarmin nan an mayar zaure yadda suke.

Tunda an hana a ce zaure ne, dole a sami wani abin da za a ce. Gwaggon mijina, wata tsohuwa da ke zaune a gidan tun da mijinta ya rasu, ita ta samo shi. Ta fara da cewa ita dai tun tasowarta ba ta taɓa jin wannan abu a gidan nan ba. Daga nan ta koma cewa tsohon katako ba abin yarda ba ne, musamman wanda ya daɗe a ƙauye kusa da garke. Ba ta taɓa kallona ta faɗa ba, sai dai ta faɗa wa tukunya ko tsintsiya alhali ina tsaye. Kafin a jima matan gidan sun ɗauka, har maƙwabta na tambayata a bakin famfo ko na kawo gadon nan da kayan cikinsa. Wallahi na shekara biyu ina kwana kan gadon nan a gidan, ko ƙudan kirki bai taɓa sauka a kansa ba.

Zuciya ta ɗebe ni na ce bari in rufe bakin kowa. Na kwance gadon ni kaɗai, na fito da shi tsakar gida gaɓa-gaɓa. Na tafasa ruwa na kwarara a kowace mahaɗa, har ya fallatsar mini a ƙafa ya sale fata. Na bi kowace tsaga da tsinke da kananzir. Na sami 'yan kaɗan, ba zan yi ƙarya ba, amma a lokacin ko allon karatun yara ka duba sai ka samu. Na bar shi a rana ya gasu, sannan na kira Gwaggo na ce ta zo ta duba da idonta. Ta zagaya shi tana taɓe baki, ta ce ai su da rana ba a ganinsu.

Da abin ya ishi Alhaji shi ma, sai ya sa anka kira mai feshi. Wani dogo ne da tanki a baya da tsumma a hanci, maganinsa cikin wata jarka marar ko rubutu, irin wanda ake fesa wa auduga a gona. Ta ƙofar baya anka shigo da shi don kada baƙi su gani. Ya bi ɗakunanmu ɗaya bayan ɗaya ya jiƙe su sharkaf, munka wuni a tsakar gida muna tari, idon ɗiyata na zubar da ruwa, kajin Gwaggo ma sai da wasu sunka mutu. Zaure kuwa ko leƙa shi bai yi ba, ba a ma nuna masa hanyarsa ba. Munka sami barci na 'yan kwanaki, sannan abin ya dawo ya fi na da, don kullum akushi da tabarma da yara na kai-kawo tsakanin zaure da cikin gida.

Anka sake kiransa, ya zo yana kumbure-kumbure don an ce maganinsa ba ya aiki. Mutum na neman inda zai rataye laifi, ga Gwaggo na biye da shi tana nuna masa hanya. Ya shiga ɗakina, ya ƙwanƙwasa gadon da bakin sandar feshinsa, ya ce ga uwar matsalar nan, tsohon katako magani ba ya ratsa shi, muddin yana gidan ko kullum zai zo aikin banza ne. Ina tsaye a bakin ƙofa. Surukina na tsakar gida yana ji, ni kuwa suruka ce, ba ni da bakin da zan ɗaga a gabansa.

Da munka keɓe da mijina na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi ba don wani kaya na duniya. Na ce ya san abin da ya gani a tabarmi, ya san wane ne ya mutu a kan gadon nan. Ya kama hannuna ya tashe ni.

"Muddin ina gidan nan, ba mai taɓa miki shi," in ji shi.

Bayan 'yan kwanaki na ɗauki ɗiyata zuwa rigakafi. Layi ya yi tsawo, sai bayan azahar ɗan kabu-kabu ya sauke mu daga babur. Na shiga ɗaki na tarar da gadon ƙarfe fari ƙal, da sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba. Na ajiye yarinya na fita neman mijina. Ya ce in kwantar da hankalina, Alhaji ne ya matsa, shi kuwa ya yi dabara ya kai gadon shagonsu na kasuwa ya jingine bayan buhuna, in ƙura ta lafa zai dawo mini da shi. Na yi kuka, na yi faɗa, amma na yarda, don a sanina bai iya ƙarya ba.

Makon nan girkin baƙi a hannuna yake. Duk matar da ta yi girki da damina a garin nan ta san wahalar itace, jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi da hawaye. Sai ga shi na tarar da tarin busasshen faskare a gefen murhu, an lulluɓe da buhu. Har godiya na yi wa Allah. Yana kamawa da wuri, wutarsa tas, na dafa tuwon maraice da shi, na dafa kunun safe. Washegari ina cikin tuƙi na miƙa hannu na jawo wani guntu, sai wani abu ya karce ni a tafi. Ƙusa ce lanƙwasassa, da ɗan guntun zare ja a wuyanta. Innata ce ta kafa ta da dutse a ƙafar gado ta wajen kai, nan take rataye tasbaharta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar muciya cikin tukunya, na ɗauki guntun nan na nufi zaure, inda tun da na zo gidan ban taɓa shiga ba in akwai maza. Gwaggo na kirana ban juya ba. Na yi sallama na shiga. Alhaji na kishingiɗe cikin baƙinsa ana shan shayi, mijina na tsugune wajen butar. Na ce wa wani direba ya ɗan ɗaga, na fizge tabarmar da yake kai, na buɗe ɗinkinta a tsakiyar zauren. Gazunzumi sunka watse a ƙasa suna gudu, kowa na gani.

"Baba, ku gafarce ni," na ce wa Alhaji. "Ga inda suke. Wanga kuma gadon innata ne, da shi na dafa muku tuwon jiya."

Na jira Alhaji ya kore ni, na jira baƙi su tashi su ɗaure kayansu cikin fushi, abin da anka yi ta tsoro ke nan. Sai wani dattijo bafatake, wanda ya fi kowa daɗewa a zauren, ya ajiye kofinsa, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Duk tabo ne, sabo kan tsoho.

"Ɗiyata, ai mu ma ba mu barci," in ji shi. "Mun ɗauka na gidan ne. Mutum ya ba ka wurin kwana da tuwo, da wane baki za ka ce masa zaurensa na cizo?"

Sauran sunka fara gyaɗa kai, wani har da dariyar kunya, wani ya ce shi cikin motarsa yake komawa ya kwana in an yi shiru. Ba wanda ya ji haushi, ko mutum ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe. Kalma ɗaya da wani namiji ya furta tun farkon damina, da an gama. Alhaji bai dube ni ba, ya ce wa mijina gobe a kira mai feshi. Washegari baƙin da kansu sunka fitar da tabarmi sunka cinna musu wuta, sunka shanya jakunkunansu, mai feshi ya shigo ta ƙofar gaba ana yi masa sannu da aiki. Ya sake zuwa sau ɗaya, daga nan gazunzumi ya bar gidan. Gwaggo ta ce ai ita dama tun farko ta yi zargin zaure.

Ba wanda ya ba ni haƙuri sai mijina. Ya same ni a bakin murhu ina tsince sauran guntayen daga cikin itace ina tarawa a zane. Ya tsuguna ya ce shi zaman lafiya ya nema, ya ga in gadon ya tafi bakin kowa zai mutu, kuma yana da niyyar gaya mini in na huce. Na bar shi ya gama. Abu ɗaya na tambaye shi, wa ya faskara?

Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, hannun ɗan kasuwa da bai saba da gatari ba, duk ya yi bororo ya fashe. Na san bororon nan. Ranar da na dawo daga rigakafi ya nuna mini shi, ya ce igiyar buhunan albasa ce ta ci shi, ni kuma na ɗauko man kaɗe na zauna bakin sabon gadon na shafa masa.