Ranar da Saba ta Mai da Kowa Mutum Ɗaya

A ofis Tafinta ake kiransa, don aikinsa ke nan: shiga tsakanin shafin intanet da saba, injin da ke ɗauke da shafin. Duk wanda ya buɗe shafi, saba ce ke gaya wa manhajar Tafinta daga wane adireshin intanet baƙon ya zo. Sai dai kowace saba da bakinta: wata ta ajiye adireshin nan, wata can, wata ta bar wurin fayau. A kan wannan ya yi furfura, a ɗaki mai fanka ɗaya da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da igiya.

Aikin da ya fi alfahari da shi shafin wata cibiyar wankin ƙoda ne, inda majinyata ke kama layi. Masu kame gurabe suna sayarwa sun addabi wurin, sai ya kafa doka: adireshi ɗaya, gurbi ɗaya a mako. Yayarsa, wadda ta goye shi, tana cikin majinyatan.

"Auta, wannan danne-dannen naka ne zai kashe ni, ba ƙoda ba," takan ce tana dariya.

Da kamfani ya koma sabuwar saba, an sa wani inji a gabanta kamar mai gadi, shi ke fara karɓar baƙi. Tafinta ya gwada da wayarsa, ya samu gurbi, ya ce komai lafiya, ya tafi cin abinci.

Ashe sabuwar saba adireshin mai gadin take bayarwa, na ainihin baƙo kuwa tana tura shi wani wuri da manhajar ba ta leƙawa. Kowa ya zama mutum ɗaya, kuma gwajin Tafinta ya riga ya cinye gurbin mutumin.

Yaya ta kira shi. "Auta, abin naka ya ce wai na riga na kama layi."

"To ai shi ke nan, Yaya. Kin kama kin manta. Tsufa ne."

"Ungo naka, mara kunya."

Ta yarda da shi. Ranar wankinta ta isa cibiyar da ƙafafu a kumbure, ta tarar ba sunanta a layi, waɗanda suka riga ta zuwa kuma sun cika injuna. Aka ce ta dawo mako mai zuwa. Ba ta kai makon da rai ba.

Gyaran layi ɗaya ne a rubutun manhajar. Ya yi shi a ranar da aka mayar da ita gida, amma gurabe sun ƙare.

Har yanzu yana kan kujerar. Ba wanda ya kore shi, ba ma wanda ya tuhume shi. Wayar Yaya na cikin durowarsa, kullum da caji. In aka kawo sabuwar saba yakan gwada da tasa, sannan ya ciro tata ya sake gwadawa, ya ga ko za a san cewa wani mutum ne daban.