Takardun Yaya Ilu da Na Ƙona

Ku gafarce ni da na ɗauki lokacinku, musamman ku ɗalibansa. Ni ba ma'abociyar rubutun boko ba ce, larura ce ta sa.

Ina sheƙar gero a tsakar gida da hantsi maigidana ya shigo da waya a hannu, ya tsaya bai yi sallama ba. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Yaya Ilu ya cika a asibitin Ɗambatta." Faifan ya suɓuce mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Allo ɗaya muka fara wankewa, shi ya wuce boko ya zama malamin fiziks, ni na tsaya a makarantar Baba. Bai taɓa raina ni a kan haka ba. Yakan ce, "Yi tambaya, Hajara. Wanda ya halicci ƙwayar zarra bai hana a leƙa cikinta ba."

Da ya yi ritaya sai ya duƙufa rubuta littafi da Hausa a kan na'urorin da masana suka gina bayan yaƙin duniya na biyu, masu kora ƙananan ƙwayoyi da gudu a cikin zobe da ƙarfin maganaɗisu. A masussuka ya zana mini zoben da kara. Ya ce da farko abu a ajiye suke harbi, sai yawancin ƙarfin ya tafi wajen ture shi, kamar ka jefi ƙwarya ta gangara. Daga baya suka ce a koro ƙwayoyin ta fuska biyu su yi karo, kamar raguna. Wadda aka fara ginawa a Italiya, in ji shi, ba ta fi gindin rumbu faɗi ba.

Na ce, "Yaya, duk wannan wahala don a fasa abin da ido bai gani?"

Ya yi dariya. "Ke da kike fasa gyaɗa kullum, me kike nema a ciki?"

Bai taɓa fara shafi ba sai da Bismillah a sama, da larabci. Ko lissafi ne.

Ranar sadakar uku gida ya cika da mata. Iska ta kwaso waɗansu takardu daga ɗakinsa ta watsa a tsakar gida, ana bi ta kai da takalma. Na ga sunan Allah a ƙasa. Na tsince su tsaf, ban tsaya haɗa bokon ba, na ƙona su a bayan rumbu na binne tokar, yadda Baba ya koya mana.

Bayan kwana biyu matarsa, Yaya Asabe, ta kira ni ɗaki. "Hajara, ba ki ga takardun da ke kan buzunsa ba? Babin ƙarshe ne, na karon ƙwayoyin nan. Ya ce in haɗa da sauran in ba Nasiru."

 Na faɗa mata na ƙona su. Ba ta yi faɗa ba, ta dai juya fuskarta bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nasiru, babban ɗansa, zai zo daga Kano ranar arba'in ya karɓi littafin a buga. Na kira shi na gaya masa da bakina. Ya ce, "Gwaggo, ki nemi ɗalibansa."

Na san ya karanta wa waɗansunku wannan babi a zaure, na ga kuna rubutawa. Ni raguna da rumbu kawai na riƙe.

Allah Ya jiƙan Malam Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iliminsa ya zama sadaka mai gudana. Allah Ya ba Yaya Asabe da 'ya'yanta haƙuri, ni kuma Ya yafe mini.

Saura kwana tara arba'in. Duk wanda ke da ko shafi ɗaya, don Allah ya aiko gidan marigayi, ko ya ba ni amsa da wuri.