Ciwo Ɗaya, Suna Uku

Jama'a, ashe magani ne yake neman kashe mana Baba! Innalillahi!

Yau da safe a gida, nan Gyaɗi-Gyaɗi, ya tashi zai yi alwala, sai ji muka yi tim! Ya faɗi. Muka sa shi a adaidaita sahu sai wani asibiti a Tarauni. Na suri ledar magungunansa da katunansa.

Likita ta zazzage ledar, ta duba katunan, ta dafe kai. Ta ce, "Hajiya, duk waɗannan yake sha?"

Na ce eh mana, ciwo uku gare shi! Asibiti uku muka kai shi, kowanne da abin da ya rubuta.

Ta ce, "Ciwo ɗaya ne, hawan jini! Wannan ya rubuta cikakken suna, wancan ya gajarta yadda suka saba, na ukun ya sa lambar kwamfutarsu. Babu wanda ya bi ta kan rubutun ɗan'uwansa, kowa ya ƙara nasa maganin. Jininsa ne ya yi ƙasa sosai."

Na ce to me ya hana ku kira ciwo da suna ɗaya?

Nas ɗin da ke ɗaura masa ruwa ta yi tsaki. "Tun da soja suka koma bariki ake cewa za a daidaita. Ga shi na kusa ritaya."

Yanzu sun ce wataƙila ƙodarsa ta taɓu. Ku taya mu da addu'a.

Ya farfaɗo ɗazu. Buɗe idonsa ke da wuya ya kamo hannuna, ya ce, "Rabi, rana ta yi, ba ku ba ni maganina ba."