Mutanen Malam Hashimu na bayan kalmar sirri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan ƙanin Malam Hashimu ya kira ni daga Sabon Birni. Malam ya rasu jiya bayan 'yar gajeriyar jinya. Hutu fa ya je.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hashimu ma'aikacin laburare ne a wata jami'a nan Doha. Ni kuma sikiriti ne a unguwar West Bay. Gida ɗaya muka kama haya a unguwar Al Sadd, tare muka sha kullen korona. Shi Bagobiri ne, tsage tun daga gefen baki har kunne. Ni uwata Bayaraba ce, abokan wasan Gobirawa, don haka ban taɓa raga masa ba. Da aka fara sa takunkumi na ce to madalla, yau Doha ta huta da ganin fuskarka. Ya ce, "Kai dai ci gaba da cin tuwona kana zagina."

Gaskiya ne kuwa. Lokacin da cutar ta kama ni aka killace ni a ɗaki, shi yake ajiye min kunu a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya yana tambayata ko ina jin ƙamshin tsamiyar.

A kullen nan ya tsunduma cikin wani aiki. Laburarensu na biyan kuɗin shiga wasu rumbunan intanet inda aka adana hotunan tsofaffin jaridun Amurka, na zamanin da take hannun Ingila da kuma farkon 'yancinta. A ciki akwai cigiyar bayin da suka gudu. Mai bawa zai rubuta tsawonsa, da rigar da ya gudu da ita, wani sa'in har da zanen da ya zo da shi a fuska daga ƙasarsu. Malam ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana ware masu zane.

Aikin ba daɗi. Ka nemi abu ya kawo maka shirgi, wanda kake so kuma ya ɓuya. Wani rumbun sai kana cikin harabar jami'a yake buɗewa, alhali an ce kowa ya zauna gida. Ka tashi yin alwala, kafin ka dawo ya fitar da kai, sai ka sake daga farko. Na sha jin tsakinsa daga kicin.

Duk wanda ya samu, sai ya ajiye shi cikin asusunsa na rumbun, ya rubuta ɗan bayani a ƙasa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.

Na ce Malam, ka ma san ko musulmi ne? Ya ce, "Ban sani ba. Abin da na sani shi ne wanzami ya zauna ya yi masa zanen nan don a gane ɗan gidan wane ne. Ga shi da zanen ake farautarsa."

Na yi ta fama da shi ya sauke su a kwamfutarsa. Ya ce ba a yarda a kwasa da yawa ba, in ka matsa sai su toshe laburaren gaba ɗaya, kuma shi ba zai jawo wa ɗalibai ba. Na ce to ka riƙa saukewa kaɗan-kaɗan. Ya ce in ya dawo daga hutu. Wallahi yau ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar jin haushin mamaci.

Don ina ajiye wayar ƙaninsa, bayan na samu natsuwa, na kira wani abokin aikinsa. Ya ce da zarar an shigar da rasuwar ma'aikaci, asusunsa rufewa yake da kansa, abin da ke ciki ya tafi. Na ce a ba mu kwana biyu mana. Ya haɗa ni da ofishin kwamfuta. Na can ya ce kamfanin rumbun ne ke da iko. Na tura wa kamfanin saƙo, na'ura ta amsa min da godiya. Na koma wa na ofishin, ya yi min ta'aziyya da kyau, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, tsarin haka yake."

Jaridun suna nan, ban ce an goge su ba. Amma wa zai sake zama ya tsince mutanen nan daga cikin tulin shafuka, yana duban zane da idon wanda aka yi wa zane? Kalmar sirrin ma ba wanda ya sani. Kwamfutarsa na kan tebur ga ta nan ina kallo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ana tsakiyar gasar kofin duniya ne. Titi ya cika da masu tutoci, muna shan shayin karak a shagon ƙasan gidanmu, jakarsa a gefe yana jiran tasi. Kowa idonsa na kan talabijin, shi kuwa ya miƙo min waya. Cigiyar wani mutum ce, mai dogayen tsage daga baki zuwa kunne, an ce ba ya amsa sunan da aka sa masa.

Ya shafa kumatunsa. Ya ce, "Ba ni da hujjar cewa namu ne, kada ka je kana yaɗawa. Amma ka duba mana."

Na tsokane shi na ce taurin kan dai naku ne. Ya yi dariya har ya ƙware. Tasi ta zo, ya ce yalla, bari ya tafi, sai ya dawo.

Allah Ya jiƙan Malam Hashimu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In kun ɗaga hannu, ku haɗa da mutanensa na jaridun nan, don mai yi musu addu'a ya tafi. Ba zan iya lissafa muku su ba. Ɗaya kawai ya nuna min, shi ma sunan da ke jaridar ba nasa ba ne.