Katin da ya zo a cike

Ƙanwata ta daɗe tana aikin jinya a wata ƙasar Turai, ni kuma ina gida Gidan Sori ina yi wa dabbobi allura, ina kula da mahaifiyarmu. A shekarar da nake ba da labari yanar ido ta rufe idon Inna na dama, na hagu ma ya fara dishi-dishi. Likita a Maradi ya ce sai an yi aiki. Ga kuma ɗakinta da daminar bara ta tsaga, muna so a tayar mata da na siminti.

Duk lokacin da ƙanwata ta aiko da kuɗi ta hanyar da aka saba, sai an yanka a can, an yanka a nan, wani sa'in kuma in yi ta zarya Gidan Rumji ana ce mini in dawo gobe. Sai ta ce ta sami wata hanya. Za ta mai da abin da ta tara kuɗin kirifto, waɗanda ba a riƙe su a hannu sai dai a gan su a salula, ta turo mini gaba ɗaya in ajiye. Duk sa'ad da buƙata ta taso sai in je wurin wani ɗan kasuwa a Maradi ya canza mini kaɗan zuwa sefa. Na ce mata ni ban san kan wannan abu ba. Ta ce za ta aiko mini da wata 'yar na'ura da ke tsare makullin kuɗin, ko an sace salulata babu mai iya taɓa su.

Na'urar ta zo ta hannun ɗan kawunmu, direba ne tsakanin Yamai da Maradi. Ɗan ƙaramin kwali ne naɗe da leda. Da na buɗe na tarar da abu bai wuce tsawon yatsa ba, da ɗan gilashi da maɓallai biyu, da igiyar da ake jona shi da salula. A ƙarƙashinsa akwai kati da takardar bayani da Faransanci.

A lokacin ana tsakiyar damina, rezo kuma, wato layin salula, a garinmu in hadari ya haɗu sai a yi wuni ba a gan shi ba. Ƙanwata ta aiko da saƙonnin murya da yawa tana koya mini yadda zan yi, amma na farko kaɗai ya sauka, wanda ta gaya mini manhajar da zan sa a salula. Sauran suka tsaya suna ta juyawa. Na ce ai na yi lakol, na iya karatun Faransanci, ga takarda a hannuna, me zan jira. Takardar ta ce an riga an shirya komai domin sauƙaƙa wa mai saye. Ga kod ɗin buɗewa, ga kuma kalmomin sirri ashirin da huɗu an buga su a kan kati, sai dai in adana. Na ji daɗin haka ƙwarai. Na jona na'urar, na sa kod ɗin, ta buɗe, manhajar ta nuna mini adireshin da ake turo kuɗi, wasu haruffa da lambobi masu tsawo. Na tura wa ƙanwata, na rubuta mata na gama. Da yamma rezo ya ɗan leƙo, saƙon ya wuce.

Washegari ina da allurar shanu a wata ruga da ke hanyar Cadakori. Rugar a kan tudu take. Muna cikin aiki, dattijon rugar ya riƙe mini ƙahon wani bijimi ina soka allura, sai na ji salula tana ta motsi a aljihu. Saƙonnin ne suka sauko gaba ɗaya. Da muka saki bijimin na koma gindin wata ƙirya na fara saurare.

A na uku ne ta yi maganar katin. Har yau ina iya jin muryarta, a natse, kamar tana gaya wa majinyaci yadda zai sha magani.

"Yaya, katin da ke cikin kwalin fari ne, babu komai a kansa. Na'urar da kanta za ta nuna maka kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kai za ka rubuta da hannunka. Kai ne mutum na farko da zai gan su a duniya. Duk wanda ya san su, kuɗin nasa ne, ko bai taɓa ganin na'urar ba."

Na sake saurare. Katina a cike ya zo, da bugun inji. Ke nan akwai wanda ya ga kalmomin kafin ni, shi ne ma ya zaɓe su.

Saƙo na ƙarshe a rubuce yake, da safen nan ta aiko shi. Ta ce ta ga adireshin, ta yaba mini, kuma da zarar ta sauka daga aiki yau za ta turo duka. Na san aikin safe take yi a makon, kuma tana sauka ne wajen la'asar ɗinmu. A lokacin an kusa azahar.

Na rubuta mata kada ta tura komai. Saƙon ya tsaya. Na buga, babu layi. Rezon da ya kawo mini saƙonnin ya ɗauke, gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Dattijon ya ga yadda nake zagaya tudun da salula a sama, ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, amma dole in kai bakin gudro, titin kwalta, yanzu. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce in bar kayan allurar a wurinsa, kuma kada in bi ta ƙoramar yamma don ta kawo tun jiya, in zagaya ta gonaki.

Ruwa ya same ni ban yi nisa ba. Na cusa salula cikin leda na sa a ƙirji, na ci gaba da tuƙa moto, babur ɗin da nake yawon allura da shi, cikin yashi mai laushi, gero na dukana a fuska ta kowane gefe. Sau biyu ina faɗuwa. Duk tsawon hanyar abin da nake gani shi ne ƙanwata a ɗakin canza kaya na asibitinsu, ta cire rigar aiki, ta ciro salularta tana latsawa. Ta taɓa gaya mini wannan kuɗi in ya tafi ya tafi, babu buro ko ofishin da za a je a yi kuka, babu wanda zai dawo da shi. Na tuna shekarun da ta yi ba ta zo gida ba don ta tara, da sallolin da ta yi ita kaɗai.

Zagayen bai raba ni da ruwa ba. Wani kwari da na saba ratsawa a bushe na tarar da shi cike yana gudu. Na jingine moto a bukkar wani manomi da ban sani ba, na ce masa zan dawo, na naɗe wando na shiga. Ruwan ya kai mini ƙugu, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, hannu ɗaya a sama riƙe da ledar. Da na haye na ci gaba da ƙafa, ina gudu ina tafiya, har wani mai amalanken jaki ya ɗauke ni ragowar hanyar.

Muna hango gudro na ji kiran la'asar daga wani ƙauye. Na ciro salula. Saƙon ya tafi, ya isa, amma ba a buɗe ba. Na buga ta yi ta ringi babu amsa. Na sake, haka. Sai na tuna wata 'yar Tasawa da suke zaune gida ɗaya da ƙanwata, ina da lambarta tun wani rashin lafiya da ƙanwar tawa ta yi. Ta ɗauka. Ko gaisuwa ban gama ba na roƙe ta ta nemo ƙanwata ta kowace hanya, ta ce mata kada ta tura. Ta ce za ta kira sashen da take aiki.

Na zauna a kan wani dutse a bakin hanya, manyan motoci na wucewa suna watso ruwa. Ban san tsawon zaman da na yi ba kafin salular ta yi ƙara.

"Yaya, lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiya lau. Kin tura?"

Ta ce lokacin hutun rana ta tura ɗan kaɗan don gwaji, sauran tana jira ta isa gida. Na gaya mata yadda katin ya zo. Na ji ta ja numfashi, ta kira sunan Allah a hankali. Ta ce kada in ƙara jona na'urar da komai.

Kafin wayewar gari ɗan abin da ta tura ya fita daga asusun zuwa wani adireshin da ba mu sani ba. Ita ta gani daga can ta gaya mini.

Da na ba Inna labari ba ta fahimci zancen kalmomi ba, amma ta fahimci cewa kaya ya bi ta hannun ɗan ƙaninta, sai ta tsorata. Ta roƙe ni kada maganar ta shiga gidan kawu. Na kwantar mata da hankali, domin ledar kwalin a liƙe take lokacin da ya miƙo mini, kuma ƙanwata ta ce ba wurin masu ƙera ta ta saya ba. A wata kasuwar intanet ta gan ta da araha, ta karɓa ta ba matafiyi ba tare da ta buɗe ba. Kuɗin aikin ido ta hanyar da muka saba ta aiko su, aka yanki abin da za a yanka, aka yi wa Inna aiki bayan an cire amfanin gona.

Da sanyi ya shigo ƙanwata ta zo gida, ta taho da wata sabuwar na'ura da ta saya daga kamfanin da ke ƙera su. Wata rana da hantsi muka zauna a ɗakina muka buɗe tare. Katin fari fes. Na zaɓi kod da kaina. Da na'urar ta ce za ta fara nuna kalmomin, sai ta miƙe ta ɗauki salulolinmu duka biyu ta nufi ƙofa. Na ce ai kuɗinta ne, ta zauna. Ta ce ko ita bai kamata ta gani ba, ta ja labule ta fita.

Kalmomin Ingilishi ne, ban san ma'anar ko ɗaya ba. Na kwafe su harafi-harafi, gumi na jiƙa mini biro. Da na gama ta dawo muka duba adireshin sabuwar na'urar, ta ce saura abu ɗaya: in goge na'urar gaba ɗaya, in sake tayar da ita da abin da na rubuta, tun babu komai a ciki. Na goge, ta sake fita. A wata kalma can tsakiya na'urar ta ƙi karɓa, na daɗe ina kallon rubutuna kafin na gane wani harafi na karanta a karkace. Na gyara, ta wuce. Adireshin da ya fito shi ne na ɗazu. Na kira ta ta duba, ta gyaɗa kai, sannan muka fita tsakar gida inda Inna ke tsince wake a faifai.