Wa Ya Riƙe Wa Zabadi Jirgi?

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na biyu a birnin Greensboro na Amurka, nakan je wata 'yar coci a Pleasant Garden duk Lahadi. Yawancin masu zuwa tsofaffin Turawa ne. Ranar da fasto ya ji cewa ni ɗan masunci ne daga bakin Binuwai, sai ya kama hannuna ya ƙi saki. Wai in tsaya gaban jama'a in yi bayanin kiran Manzo Yakubu, wanda Yesu ya tarar yana gyaran taru, shi da ɗan'uwansa Yohanna suka bar ubansu Zabadi a jirgi suka bi shi.

Na amsa da ƙwarin gwiwa. Har wani kanti na je a titin Wendover na sayo raga, don Turawa su san ɗan gado ne zai yi magana.

Da na zauna karanta labarin, sai kaina ya ɗaure. A wurinmu, ɗa ba ya sauka daga jirgi kafin ubansa. Shi zai kafa filafili ya riƙe jirgin har tsoho ya taka gaɓa. To ga 'ya'ya biyu sun dire sun tafi, kuma ana yabonsu. Wa ya riƙe wa tsohon jirgi?

Abin ya dame ni ne saboda ni ma haka na yi. Ranar da zan taho, mahaifina ne ya tsallakar da ni kogi. Direban mota na ta danna oda a gaɓa, na rungume jakar takarduna na yi tsalle na bar shi, ko waiwaye ban yi ba. Tun daga ranar, wata takwas, duk kiran da na yi gida mahaifiyata ce ke ɗauka. In na tambaye shi sai ta ce yana gaishe ni. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa fushi yake.

Abokina da muke haya tare, Musulmi ne ɗan Kano, ya gaji da ni.

"Malam, presentation ɗin nan fa a kan yaron ne, ba tsohon ba. Kuma ba kai ka ce akwai ma'aikata a jirgin ba?"

Na ce ma'aikaci ai ba ɗa ba ne.

"To ka kira Baba mana ka tambaye shi."

Na ce sai bayan Lahadi. Gaskiya tsoro nake ji.

Ranar Lahadi na miƙe da ragata. Na fara da Yakubu lafiya lau, na faɗi yadda aka kira shi, har ya zama na farko cikin manzanni da aka kashe. Daga nan ban san yadda aka yi na koma kan Zabadi ba. Na yi ta bayanin yadda jirgi ke tangaɗi idan mutum ya dire, ragar ta sarƙe a maɓallin rigata, ina ja tana ƙara kamawa. A ƙarshe na dube su na ce, ni dai ban gane ba, ta yaya mutum zai san kira ya amsa ko gudu ya yi? Da gaske amsa nake nema. Su kuwa suka ɗauka salon wa'azi ne, suka hau tafi. Wata tsohuwa daga unguwar Irving Park har da share hawaye, wai ba ta taɓa jin bayani mai zurfi haka ba.

Ina fita, na tsaya inda ake ajiye motoci na kira gida. Na ce, "Mama, don Allah ba Baba wayar."

Ta ce, "Ga shi nan. Kullum ai kunnensa na jikin wayar."

Na durƙusa a kan kwalta kamar yana ganina, na gaishe shi, na roƙi gafarar sauka kafinsa. Ya ce shi bai ma tuna wa ya fara sauka ba.

"Abin da na tuna, kafa filafili na yi na riƙe jirgin sosai, kada ka faɗa ruwa da takardunka."

Na ce to me ya hana shi magana da ni?

"In na karɓi wayar, zan tambaye ka yaushe za ka dawo. Ba na so in tambaya."

Har yau ban san ko kira na amsa ko gudu na yi ba, na ma daina matsa wa kaina. Sai dai duk lokacin da aka karanta labarin nan a coci, jama'a na bin Yakubu a gaɓa, ni kuwa ina can baya wurin tsohon, ina ganinsa ya kafa filafili ya riƙe jirgi har 'ya'yansa su sauka lafiya.