Yatsun Yaya Sani a Bangon Zaure

Matso kusa mai karatu, akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani magini na Kiru, Allah ya jiƙansa, kuma bana na kasa tuna shi hankali kwance.

Zauren gidanmu shi ya gina, shi ya zana, da yatsunsa kawai, tun laka tana ɗanya. Har yau in ka shafa zanen saman ƙofa za ka ji ramin babban yatsansa. Duk shekara kafin damina yakan sabunta yaɓe. Tun da ya tafi ba wanda ya iya, ga bangon nan ya tsage daga sama har ƙasa.

'Yarsa Hadiza tana ƙasar Holan, a babbar makarantar koyon zane. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na riƙe abin da ta gaya mini a waya: can ba a ba mutum digiri sai ya baje aikinsa, malamai sun zagaya sun yi masa tambayoyi. Ita aikinta bangon ubanta ne. Za ta zo ta kwafi zanen daga jikin bango, amma makaranta ba za ta sake ta ba sai nan da wata biyu.

Ƙanina Lawan kuwa ya riga ya jibge bulo da siminti a ƙofar gida. Ya ce an yi ruwa a Doguwa, saura mu, kuma ta zauren nan kowa yake shiga yake fita. Ran Asabar za a rushe.

"Yaya Binta, ke ce babba yanzu," in ji shi. "Ki ce a bari, in bari. In ya danne wani, ke za ki amsa."

Da na gaya wa Hadiza a waya, ba ta yi gardama ba. Cewa kawai ta yi, "Gwaggo, nan kaɗai ya rage in sa hannuna a cikin na Baba."

Me Yaya Sani zai ce da yana nan? Na ga ya rushe ɗakin da ya yi wata guda yana ƙawatawa, don kawai ya ji ƙasa tana zubowa daga rufi. Amma kuma shi ne ya riƙa danna hannun Hadiza a laka tun ba ta iya tsayuwa ba. Da zai ji turawa suna jiran ganin zaurensa, dariya zai yi har ya riƙe ciki.

Wani lokaci nakan ce gadonsa yana hannun yarinyar, bango ƙasa ne. Sai in fita, in ga ramin yatsan nan, in kasa.

Jibi Asabar. In kai ne, me za ka ce wa Lawan?